Yadda Ake Fitar da Igiyar Sayin daga Igiyar Murabba'i a Da'irar Lantarki

Wanda ya taɓa zama gaban osiloskof, wato na'urar da ke zana siffar wutar lantarki a kan allo, ya san cewa akwai siffofi biyu da ido ke saurin sabawa da su. Ta farko tana tashi tsaye cak, ta miƙe a sama na ɗan lokaci, ta faɗo tsaye, ta miƙe a ƙasa, sannan ta sake tashi. Ita ce igiyar murabba'i. Ta biyu tana hawa a hankali, ta lanƙwasa a ƙololuwa, ta gangaro ba tare da wata kusurwa ba, kuma ita ce igiyar sayin. Ta farko ba ta da wuyar samu, domin duk abin da zai iya kunnawa da kashewa bi da bi, ko taransista ne ko ƙafar ƙaramar kwamfuta, zai iya samar da ita. Ta biyu kuwa ita ce wadda janareta ke bayarwa saboda juyawarsa, kuma ita ce wadda moto da taransifoma da na'urorin gwajin sauti da na watsa rediyo suka fi jituwa da ita. Saboda haka tambayar yadda za a tashi daga mai sauƙin samu zuwa wadda ake bukata tana dawowa kullum, tun daga teburin ɗalibi har zuwa masana'antar ƙera inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin wutar gida.

Kuskuren da aka fi yi tun farko shi ne a ɗauka cewa aikin na goge kusurwoyi ne, kamar yadda kafinta ke goge gefen katako har ya yi sumul. Wannan tunanin yana kai mutum ga igiya mai kama da sayin a ido, amma ba ya bayyana dalilin da ya sa wata da'ira ke aiki wata kuma ba ta yi. Gaskiyar lamarin ita ce igiyar sayin tana nan cikin igiyar murabba'i tun asali, kuma abin da ake yi shi ne raba ta da abokan tafiyarta.

Wannan fahimta ta samo tushe daga aikin Joseph Fourier, masanin lissafi ɗan ƙasar Faransa, wanda ya gabatar da bincikensa kan yadda zafi ke ratsa abubuwa a 1807, ya kuma wallafa shi cikakke a 1822. Abin da aikinsa ya nuna shi ne duk wata igiya mai maimaita kanta ana iya kallonta a matsayin tarin igiyoyin sayin da aka ɗora wata kan wata. Akwai uwa, wadda yawan zagayenta a sakan ɗaya daidai yake da na igiyar gaba ɗaya, sannan akwai 'ya'ya, waɗanda injiniyoyi ke kira hamonik, masu zagaye ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu na uwar, haka har abin ya yi nisa. Ana auna yawan zagaye da hez, wanda ake taƙaitawa Hz. Igiyar murabba'i wadda lokacin zamanta a sama ya yi daidai da lokacin zamanta a ƙasa ba ta da 'ya'ya masu ninkin cika ko kaɗan. Na mara kawai take da su, wato na uku, na biyar, na bakwai da sauransu, kuma tsayin kowanne shi ne tsayin uwar a raba da lambarsa.

A ɗauki igiyar murabba'i mai zagaye 1,000 a sakan, wadda ke tsalle tsakanin bolt 5 sama da sifili da bolt 5 ƙasa da shi. Uwar da ke cikinta igiyar sayin ce mai 1,000 Hz, kuma ƙololuwarta ta kai bolt 6.37, wato ta fi ita kanta igiyar murabba'in tsayi da ninki 1.27, abin da ke ba mutane da yawa mamaki a karon farko. Ɗa na uku yana kan 3,000 Hz da bolt 2.12, na biyar yana kan 5,000 Hz da bolt 1.27, na bakwai kuma yana kan 7,000 Hz da bolt 0.91. 'Ya'yan ne ke danne ƙololuwar uwar su shimfiɗe ta, su kuma miƙar da gefunanta su tsaya tsaye. Idan aka auna girmansu duka a bolt aka gwada da na uwar, abin da ake kira gurɓacewa, sakamakon ya kai kusan kashi 48 cikin 100, ko da yake uwar ita kaɗai tana ɗauke da kusan kashi 81 cikin 100 na ƙarfin aikin igiyar. Wanda ya gwada harhaɗa igiyar murabba'i daga waɗannan 'ya'ya zai ga wani ɗan ƙaho yana fitowa a kowace kusurwa, mai tsayin kusan kashi 9 cikin 100 na tsallen, wanda ba ya gushewa komai yawan 'ya'yan da aka ƙara. Henry Wilbraham ya bayyana shi a 1848, amma da sunan Willard Gibbs, wanda ya yi bayaninsa a 1899, aka san shi.

Daga waɗannan alƙaluma ana ganin inda wahalar take. Ɗa na uku shi ne mafi girma, kuma shi ne mafi kusa da uwa. Duk dabarun da za su biyo baya, in an duba da kyau, ƙoƙari ne na kawar da shi ko na tura shi nesa.

Hanya mafi sauƙi ita ce mataci na razista ɗaya da kafasita ɗaya. Igiyar tana shiga ta razista, kafasitan yana tsakanin ɗaya ƙafar razistan da ƙasa, wato wayar sifili ta da'irar, kuma a kan kafasitan ake ɗaukar abin da ya fito. Kafasita ba ya yarda ƙarfin wutar da ke kansa ya sauya farat ɗaya, domin sai ya cika ko ya zube ta cikin razistan, saboda haka igiyoyi masu saurin zagaye suna raunana, masu jinkiri kuma su wuce. Iyakar wannan mataci, wato yawan zagayen da daga kansa raunanawar ke fara tsananta, ana samunta ne idan aka raba ɗaya da sakamakon ninka 6.28 da ƙimar razista da ƙimar kafasita. Razista mai om 1,600 da kafasita mai nanofarad 100 suna ba da iyaka kusan 1,000 Hz. A daidai iyakar, uwar tana fita da kashi 71 cikin 100 na tsayinta, ɗa na uku kuma da kashi 32 na nasa, wanda ke nufin daga kashi 33 cikin 100 na uwar ya sauko zuwa kusan 15. A kan allo abin da ake gani ba sayin ba ne: layin yana tashi da sauri, ya lanƙwasa yana neman miƙewa, sai kuma ya karye a kusurwa ya gangaro da irin wannan siffa, kamar haƙoran zarto da suka dakushe.

Mai gwaji yakan yi tunanin ƙara girman kafasita zai gyara lamarin. Yana taimakawa, amma yana da iyakar da ba ya wucewa. Idan aka sauko da iyakar mataci ƙasa sosai da uwar, siffar tana komawa igiyar alwatika, mai hawa a miƙe da sauka a miƙe, wadda ɗanta na uku kashi ɗaya ne cikin tara na uwa, na biyar kuma ɗaya cikin 25, gurɓacewarta duka kusan kashi 12 cikin 100. Mataki ɗaya ba zai taɓa yin abin da ya fi haka ba, sai dai igiyar ta yi ta ƙanƙancewa har ta nutse cikin hayaniyar da'ira. Idan aka sake tace alwatikar da mataki na biyu irin wannan, ɗa na uku yana komawa ɗaya cikin 27, gurɓacewar ta sauko ƙasa da kashi 4, kuma a nan ne ido ke fara ruɗuwa ya ce ya ga sayin. Shi ya sa da'irar da aka fi nuna wa masu koyo take da matakai uku a jere. Idan kowanne iyakarsa tana kan uwar, kuma babu wanda ke jan wani, ɗa na uku yana sauka zuwa kusan kashi 3 cikin 100, amma uwar da ta shiga da bolt 6.37 tana fita da bolt 2.25 kawai, kuma ta makara da digiri 135 daga cikin 360 na cikakken zagaye.

Sharaɗin nan na cewa babu wanda ke jan wani shi ne inda lissafin takarda ke rabuwa da abin da ke faruwa a kan tebur. Mataki na biyu yana shan wuta daga kafasitan na farko, na uku yana sha daga na biyu, sai iyakar gaba ɗaya ta zame ƙasa, abin da ya fito kuma ya gaza abin da aka lissafa. Ana rage wannan ta hanyar ninka razistan kowane mataki sau goma a kan na gabansa, a kuma rage kafasitansa sau goma, ta yadda iyakar ba ta sauya ba amma jan ya ragu. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a sa ƙaramar amfilifaya, wadda ake kira of-amf, tsakanin matakan da kuma a bakin fita, domin duk abin da aka jona a ƙarshen matacin da ba shi da wannan kariya zai zama wani ɓangare na matacin, ya sauya halinsa.

Da zarar of-amf ta shigo, ba sauran dalilin tsayawa a kan jera matakai masu kama ɗaya. Ana iya mayar da wani ɓangare na abin da ya fito zuwa cikin matacin domin a kaifafa gwiwarsa, ta yadda uwar za ta wuce kusan cikakkiya, abin da ke bayanta kuma ya faɗi da sauri. Tsarin da R. P. Sallen da E. L. Key na ɗakin bincike na Lincoln da ke jami'ar MIT a Amurka suka bayyana a 1955 yana yin wannan da of-amf ɗaya, razista biyu da kafasita biyu. Yadda za a zaɓi ƙimominsu kuwa yakan bi lissafin da Stephen Butterworth, ɗan Birtaniya, ya fitar a 1930, wanda ke ba da mataci mai shimfiɗaɗɗen baki ba tudu ba kwari. Biyu irin wannan a jere suna ba da mataci mai daraja huɗu, wato mai matakan tacewa huɗu, wanda ke raunana abin da ya ninka iyakarsa sau uku har sau 81. Idan iyakar tana kan uwar, ɗa na uku yana komawa kusan kashi 0.6 cikin 100. A ganina, ga mai neman igiyar gwaji mai yawan zagaye guda ɗaya a zangon sauti, wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da wahalar da aka sha, kuma ba kasafai ake bukatar wuce ta ba. Abin lura kawai shi ne irin kafasitan da aka sa, domin wasu na yumɓu, irin su X7R, ƙimarsu tana sauyawa gwargwadon ƙarfin wutar da ke kansu, sai su haifar da sababbin 'ya'ya a cikin matacin da aka gina domin kashe 'ya'ya. Na C0G ko na leda ba su da wannan hali.

Akwai kuma abu biyu da ya kamata a duba tun kafin igiyar ta shiga mataci. Na farko shi ne daidaiton lokacin sama da na ƙasa. Da zarar ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ɗa na biyu yana bayyana, kuma shi ya fi na uku kusa da uwa, don haka ya fi shi wuyar tacewa. Guntun 555, wato wata ƙaramar haɗaɗɗiyar da'ira, wanda Hans Camenzind ya tsara wa kamfanin Signetics aka fara sayar da shi a 1972, kuma shi ne abin da masu koyo da yawa ke fara samar da igiyar murabba'i da shi, a tsarinsa na yau da kullum yana daɗewa a sama fiye da ƙasa. Maganin da ya fi inganci shi ne a gudanar da shi a ninki biyu na abin da ake so, sannan a bi da shi ta da'irar da ke raba zagaye biyu, wadda ke sauya matsayi sau ɗaya a kowane zagaye, domin abin da ke fitowa daga gare ta rabi da rabi ne ko da wanda ya shiga bai daidaita ba. Na biyu shi ne igiyar da ke tsalle tsakanin sifili da bolt 5, kamar ta ƙaramar kwamfuta, tana zaune ne a kan tsayayyar wuta ta bolt 2.5, kuma mataci zai bar wannan ta wuce. Kafasita ɗaya a kan hanyar fita yana tare ta, sai igiyar ta dawo tana kaɗawa sama da ƙasan sifili.

A zangon rediyo, inda zagaye ke kai miliyoyi a sakan, koyil, wato naɗin waya, da kafasita ne ke karɓar aikin. Su biyun idan aka haɗa suna miƙa wa juna ƙarfi, daga maganaɗisun koyil zuwa cajin kafasita da dawowa, a wani yawan zagaye nasu na kansu. Misalinsu misalin lilo ne: ko da turawar da ake yi masa ta gaggawa ce, shi tafiyarsa a lanƙwashe take, muddin turawar ta zo a kan lokacinsa. Idan aka koma ga misalinmu na ɗazu, koyil mai milihenri 10 da kafasita mai maikurofarad 2.5 suna kaɗawa a kusan 1,000 Hz, kuma idan kaifin zaɓensu, wanda ake nunawa da harafin Q, ya kai goma, ɗa na uku yana sauka zuwa ɗan sama da kashi 1 cikin 100 da mataki ɗaya tak. Na'urorin watsa rediyo sun daɗe suna dogaro da wannan, inda taransista ke ba da bugu kawai, koyil da kafasita kuma su cika sauran zagayen.

Duk waɗannan matatai suna da rauni guda: an ɗinka su ne a kan yawan zagaye ɗaya. Matacin da aka gina domin 1,000 Hz, idan aka ba shi igiyar murabba'i mai 200 Hz, zai bar ɗa na uku da na biyar su wuce, domin 600 da 1,000 duk ba su haye iyakarsa ba; idan kuma aka ba shi mai 5,000 Hz, uwar ma da kyar za ta fito. Masu bukatar igiya mai sauyawa sun bi hanyoyi dabam. Wasu guntaye, irin su MAX291, matatai ne masu daraja takwas da iyakarsu ke bin agogon da aka ba su, wato wata igiyar bugu mai sauri, kashi ɗaya cikin ɗari na saurinsa, don haka idan daga agogo ɗaya aka ciro igiyar murabba'in da kuma umarnin matacin, duk inda uwar ta je iyakar tana biye da ita. Tsofaffin na'urorin samar da igiya, masu guntaye irin su ICL8038 da XR-2206, ba tacewa suke yi ba sam: suna samar da alwatika mai tsayayyen tsayi, sannan su lanƙwasa ƙololuwarta da taransistoci ko dayod waɗanda ke fara shan wuta ɗaya bayan ɗaya yayin da igiyar ke hawa. Wannan ita kaɗai ce hanyar da ta yi kama da gogewar kafinta, kuma tana iya kai gurɓacewa kusan kashi 1 cikin 100 idan an daidaita ta sosai, sai dai tana lalacewa da zarar tsayin alwatikar ya kauce.

Har zuwa nan maganar sigina ake yi, wato wuta 'yar kaɗan mai ɗauke da siffa kawai. Idan aka zo ga wutar aiki, wadda za ta juya fanka ko firji, lissafin yana sauyawa gaba ɗaya, kuma a nan ne na fi son mai karatu ya tsaya, domin a nan ake yawan asarar kaya. Tambayar da ake yawan yi ita ce ko za a iya ɗaukar inbata mai fitar da igiyar murabba'i a jona mata razista da kafasita ta koma ta sayin. Amsar ita ce a'a. Kaya masu cin wat 1,000 a kan bolt 230 suna jan fiye da amfiya 4, kuma a wurin inbata daidai suke da razista mai om 53. Duk razistan da aka sa a gabansu wanda ya isa ya yi tacewa zai mayar da babban rabon wutar zafi. Koyil da kafasita ba sa ƙona wuta haka, amma raba 50 Hz da 150 Hz yana bukatar manya ƙwarai. Koyil mai henri ɗaya da kafasita mai maikurofarad 10 ne ke kaɗawa a kusan 50 Hz, kuma irin wannan koyil, ban da nauyin ƙarfe da tagullar da zai ci, yana tare hanya da om 314 a wannan zagaye, ninki shida na kayan da ake son ciyarwa. Sakamakon shi ne wutar da ke fita za ta riƙa hawa da sauka gwargwadon abin da aka kunna, kuma idan aka cire lodi gaba ɗaya tana iya tashi ta kai matakin haɗari.

Akwai kuma matsalar da ta shafi ma'auni. Idan aka ce wutar gida bolt 230 ce, ana nufin ƙimar aikinta, wadda ake rubutawa RMS, wato tsayayyar wutar da za ta ba da zafi daidai da nata. Ƙololuwar igiyar sayin ɗin kuwa tana kai bolt 325. A igiyar murabba'i ƙimar aiki da ƙololuwa abu ɗaya ne. Idan aka saita ta a 230, na'urorin da ke cika kafasita daga ƙololuwa ba su sami abin da suka saba ba. Idan aka saita ta a 325, hita ko ƙwan fitila mai zare zai sha ninki biyu na ƙarfin da aka ƙera shi dominsa. Daga nan aka fito da abin da ake sayarwa da sunan gyararren sayin, wanda a gaskiya igiyar murabba'i ce da aka sa mata hutu a sifili tsakanin bugun sama da na ƙasa. Idan kowane bugu ya ɗauki digiri 90, wato rabin digiri 180 da ke rabonsa a zagayen, ƙololuwa 325 tana ba da ƙimar aiki 230 daidai, amma rabon 'ya'ya da uwa yana nan yadda yake a igiyar murabba'i, kashi 48 bai ragu ba. Idan kuma aka faɗaɗa bugun zuwa digiri 120, ɗa na uku yana ɓacewa ɗungurungum, gurɓacewar ta sauko kusan kashi 31, amma ƙololuwa da ƙimar aiki sun daina dacewa da na sayin. Ba a samun biyun a lokaci ɗaya. Shi ya sa fanka ke gurnani a kan irin wannan inbata, taransifoma ke ɗaukar zafi, amfilifayar sauti kuma ke fitar da ƙara: 'ya'yan suna shiga naɗin waya, ba sa ƙara juyi mai amfani, sai zafi da girgiza.

Maganin da injiniyoyi suka tsaya a kansa ya fito ne daga juya tambayar. Tunda wahalar ita ce kusancin ɗa na uku da uwa, kuma tunda taransista ba ta ɓarnar wuta sosai idan tana kunne gaba ɗaya ko kashe gaba ɗaya, sai a ci gaba da kunnawa da kashewa, amma da sauri mai yawa, a kuma riƙa sauya faɗin kowane bugu. A inbata mai 50 Hz da ke bugawa sau 20,000 a sakan, kowane zagaye ɗaya na wutar yana ɗauke da bugu 400. Kusa da inda igiyar sayin ke ratsa sifili matsakaicin bugun kusan babu ne, yayin da take hawa bugun yana faɗaɗa, a ƙololuwa ya kusa cika lokacinsa, sannan ya sake tsukewa. A da ana samun wannan ta hanyar gwada ƙaramar igiyar sayin da igiyar alwatika mai sauri, duk lokacin da sayin ɗin ta fi tsayi a kunna. Yanzu ƙaramar kwamfuta ko guntu na musamman, irin su EG8010, ke karanta faɗin daga jadawalin da ke cikinsa. Taransistoci huɗu, na nau'in mosfet ko IGBT, da aka jera kamar harafin H, jerin da ake kira gada, suke juya wutar zuwa kowane ɓangare.

Abin da ya fito daga wannan gada har yanzu murabba'i ne a ido, amma rabon 'ya'yansa ya sauya: uwa tana kan 50 Hz, kuma manyan abokan tafiyarta sun koma can wajen 20,000 Hz da ninkinsa. Tazarar da take ninki uku ta zama ninki 400. Yanzu koyil mai milihenri 2 da kafasita mai maikurofarad 3.3, waɗanda iyakarsu ke kusan 2,000 Hz, sun isa su raunana bugun kusan sau ɗari, alhali koyil ɗin bai tare wa uwar hanya da abin da ya kai om ɗaya ba. A gwada wannan da om 314 na ɗazu, za a ga dalilin da ya sa inbata ta zamani take da sauƙin ɗauka. Amfilifayar da ke bin siffar sayin kai tsaye, mai taransista biyu masu karɓa-karɓa, ko a lissafin takarda ba ta wuce ingancin kashi 78.5 cikin 100, amma mai bugu tana haye kashi 90. Wannan dabarar ce kuma ke cikin amfilifayar sauti ta rukunin D da na'urorin sarrafa gudun moto.

Ita ma tana da nata sharuɗɗa. Tsayayyar wutar da ke ciyar da gadar dole ta haura bolt 325 idan ana son 230 kai tsaye, shi ya sa wasu inbatoci ke fara ɗaga wutar batir da ƙaramin taransifoma mai saurin bugu, wasu kuma su yi bugun a ƙarfin batir sannan su ɗaga da babban taransifoma mai 50 Hz. Taransistoci biyu da ke gefe ɗaya na gadar ba za su taɓa kasancewa kunne tare ba, domin hakan gajeriyar hanya ce da za ta ƙone su nan take, saboda haka ana barin ɗan taƙin lokaci, kusan maikurosakan ɗaya ko ƙasa da haka, tsakanin kashe ɗaya da kunna ɗaya. Wannan taƙin yana barin ɗan tabo a igiyar, wanda aka fi gani inda take ratsa sifili. Ana kuma bukatar auna abin da ke fita a mayar wa mai sarrafa bugun, domin ya gyara faɗin idan lodi ya ƙaru ko batir ya yi ƙasa.

Ido ba ya iya tantance gurɓacewar da ta gaza kashi biyu ko uku a kan allo, don haka mai son sanin gaskiyar abin da ya gina sai ya yi amfani da sashen osiloskof da ke warware igiya ya jera uwa da 'ya'yanta kowanne da tsayinsa. A wutar inbata ko ta gida kuwa, ba a maƙala wayar ƙasa ta osiloskof kai tsaye, domin a haɗe take da jikin na'urar da kuma ƙasan soket. Akwai abin aunawa na musamman da aka yi domin wannan. Mita ma tana iya yaudara. Mitoci da yawa ba ƙimar aiki suke aunawa ba, matsakaici suke ɗauka su ninka da 1.11, lambar da ta dace da igiyar sayin kaɗai. Irin wannan mita za ta nuna kusan 255 a kan igiyar murabba'i mai bolt 230, kuma za ta nuna kusan 180 a kan gyararren sayin mai bugun digiri 90 wanda ƙimar aikinsa 230 ce cif. Mai gyaran da ya ga 180 ya ɗauka inbatar ta yi rauni, ya ɗaga tsayin wutar har mitarsa ta nuna 230, ya tura wa kayan da ke jone kusan bolt 293 na ainihi, da ƙololuwar da ta haura 400. Mitar da aka rubuta mata cewa tana auna RMS na gaskiya ce kaɗai za ta nuna masa 230 tun farko.